Shekarar da Na Hana Kawunku Akwatunan Ban-Ruwa

Na san abin da ake faɗa muku a Gashuwa. Duk wanda ya je gaisuwar Sallah a cikinku ya dawo, ina lura da irin kallon da yake mini, yana son tambaya yana jin nauyi. Cewa ake yi babanku ne ya jawo Kawu Sale ya rasa gonarsa ta bakin kogi, saboda taurin kai da bautar kwamfuta. Taurin kai kam ina da shi, a nonon Inna na sha, ba zan musa ba. Amma tunda ni na yi abin, kuma idona ya fara gajiya da ƙananan rubutu, bari in zauna in rubuta muku yadda aka yi tun ina iyawa, in kun gama karantawa kowa ya yanke nasa hukuncin.

Gidanmu gidan 'yan kasuwa ne. Kakanku daga Haɗeja ya zo Nguru yana fataucin bandar kifi, yana loda ta a jirgin ƙasa zuwa Kano, yayyena duk suka bi sahunsa. Ni kaɗai na bauɗe. Na fara da gyaran rediyo a wata 'yar rumfa bayan layin 'yan hatsi, daga nan talabijin, daga nan janareta, har na kai ga kwamfuta a lokacin da in ka ce kana da ita a garin nan sai a tambaye ka wace tasha take kamawa. Auren mahaifiyarku Yagana shi ya haɗa ni da Gashuwa, ya kuma haɗa ni da yayanta Sale, manomin tattasai, mutumin da ban taɓa ganin mai ƙwazonsa ba. Duk zuwan da zan yi fadamarsa kuka ɗaya yake mini. Injin ban-ruwa yana jan ruwa ne daga 'yar rijiyar bututu da ake hudawa a ƙasa. In ruwan ya ɗauke injin bai tsaya ba, kafin ka ankara ya yi zafi ya cinye cikinsa, sai dai a kai wa makaniki ko a jefar. Saboda haka kowane inji sai an ajiye mutum a gefensa yana kallon bakin tiyo. Sale yakan ce rabin mutanen da yake ɗauka aiki ba noma suke masa ba, jinyar inji suke yi.

Daga wannan kukan nasa dabarar ta zo mini. Ƙaramin akwati, bai fi kwalin ashana na gida girma ba, a ɗaura shi a jikin inji, da wani ɗan abu a cikin tiyo mai jin wucewar ruwa. Ruwa na ɗaukewa, akwatin ya kashe wutar fulogi, inji ya tsaya. Haɗa ƙarafa da wayoyi da liƙi da dalma duk aikina ne. Amma ƙwaƙwalwar akwatin, wato ɗan aisin nan baƙi mai ƙafafu, tana bukatar a rubuta mata manhajar da za ta bi, wannan kuwa ya fi ƙarfina. Sai na nemi Bashir, ɗan ƙanin babana, wanda ya karanci kwamfuta yana aiki a wani ofishi a Kano. Shi ke rubutawa a can, ya sa a faifan sidi, ya ba direban motar Nguru, ni in karɓa a tasha.

Dole in ɗan yi muku bayanin yadda aikin ke tafiya, in ba haka ba ba za ku gane abin da muka yi rigima a kai ba. Bashir ya tsara mana wani abu a kwamfuta da muke kira haɗi. In ka tayar da shi, zai tattara duk rubutun, ya sarrafa shi ya zama abin da aisi zai iya ɗauka, ya zuba a akwatin da ke kan tebur, sannan ya bi da akwatin ta gwaje-gwaje ɗaya bayan ɗaya. In komai lafiya, sai kore ya fito a ƙasan allo. Su gwaje-gwajen an rubuta su ne da wani harshen kwamfuta mai sauƙi, wanda ba ya yin komai da kansa, aro yake yi. Akwai guntayen manhaja da wasu mutane can a duniya suka riga suka rubuta suka bari kyauta, kowanne da aikinsa, ana ce musu modul. Gwaji yana son magana ta waya, sai ya ari modul ɗin waya. Yana son lissafin lokaci, sai ya ari na lokaci. A shagona kuma na kafa wurin gwajin: duro cike da ruwa, tiyo, tsohon inji, da wani bawul mai wuta wanda kwamfuta za ta riƙa buɗewa da rufewa. Amfanin bawul ɗin shi ne ya kwaikwayi rijiya in rani ya yi nisa. Rijiyar bututu ba ta ƙafewa lokaci ɗaya. Takan ba da ruwa ta ba da iska, ta ba da ruwa ta ba da iska, manoma suna cewa tana shaƙuwa. Yawancin injinan da ke ƙonewa a fadama a wannan halin suke ƙonewa.

Tun cikin damina nake ganin kore. Kowane akwati na ɗora, kore. Na kira Sale na ce masa abu ya yi. Shi kuwa ba ya wasa da magana irin wannan. Akwai wani fili a bakin kogi, ƙasa baƙa mai laushi, wanda ya yi shekaru yana bin Bulama, mai unguwar wurin, a kansa. A shekarar nan Bulama ya ba shi aro, bisa al'adarsu ta can: in ka noma fili a ranin da aka ba ka, ya zauna a hannunka, wataƙila har 'ya'yanka. In ka bar shi kwance, akwai masu jira, a ba wani. Sale ya lissafa cewa da akwatunana shi da 'ya'yansa za su iya riƙe tsohuwar gona da sabuwa gaba ɗaya. Ya sallami masu gadin inji da suka saba zuwa masa duk shekara, suka kama aiki a wasu gonaki. Ya zuba irin tattasai a bedi, wurin renon iri kafin dashe, ninkin abin da ya saba. Duk wannan a kan maganata ya yi shi.

Ruwa ya fara janyewa daga fadama, saura in cika akwatunan da gam in kai. Gam ɗin nan shi ne tushen rigimar, ku riƙe shi. Akwatin da zai zauna cikin laka da feshin ruwa da tururuwa sai an cika cikinsa da wani gam mai daskarewa kamar dutse. In ka zuba ya bushe, an gama, ba buɗewa, ba gyara, ba sake zuba manhaja. Ina shirin zubawa ke nan wata safiya Bashir ya kira ni a waya, lokacin sabis bai daɗe da zama sosai a garin ba. Muka gaisa, muka taɓa hira, sai ya ce cikin wasa:

"Yaya Habu, ƙarar bawul ɗin nan ba ta sa maƙwabtan shago sun kore ka ba?"

"Wace ƙara?"

"Ta gwajin shaƙuwa mana. In ya zo ai sai bawul ya yi ta ƙas-ƙas-ƙas kamar ana fasa gyaɗa."

"Bashir, tun ranar da na ɗaura bawul ɗin nan ban taɓa jin ya yi ko tari ba."

Nan take muryarsa ta canza. Ya sa na bi rubutun da ke gudu a allo kafin koren ya fito, wanda ni ban taɓa tsayawa karantawa ba saboda saurinsa, yana gaya mini inda zan duba. Ga abin da muka gano. Bashir, don kada ya wahalar da ni, ya rubuta cewa in gwaji ya nemi wani abu bai samu ba, ya tsallake kawai ya wuce, kada ya tsayar da aiki. Gwajin shaƙuwa yana bukatar modul ɗin da ke magana da bawul ta waya. Modul ɗin yana cikin kwamfutar Bashir tun tuni, ya ma manta ya taɓa saka shi, don haka bai taɓa zuwa a faifai ba. A wurina gwajin ya nemi modul ya rasa, ya tsallake. A wurinsa ya nemi duro da bawul ya rasa, ya tsallake. Shi yana da guga ba rijiya, ni ina da rijiya ba guga, kowa yana ganin kore yana zaton ɗan'uwansa ya ja ruwan. Gwajin da ya fi kowanne muhimmanci bai taɓa gudana ba, ko a Kano ko a Nguru.

Raina ya ɓaci ƙwarai, na faɗa masa maganganu, ya haɗiye don ni yayansa ne. Da na huce ya ce in gwada da hannu. Na gwada. Na rufe famfo, inji ya mutu, lafiya lau. Na yi ta buɗewa da rufewa ina kwaikwayon shaƙuwa, wani lokaci ya mutu da wuri, wani lokaci ya ɗan ja, ban iya cewa ga dalili ba, domin hannu ba ya yin abu iri ɗaya sau biyu. Bashir ya ce wannan ai ya isa shaida. Ni kuwa zuciyata ba ta kwanta ba. Na ce a samo modul ɗin, aikin yini ɗaya ne. Haka na zata. Shagon intanet ɗaya ne a garin a lokacin, mai faranti a kan rufi, abu ya kusa gama sauka sai janareta ya yi tari a koma farko. Da ƙyar na samu modul ɗin, na saka, ya ce shi ba ya aiki sai da wani. Na samo wancan, ya ce shi kuma sai da sabon zubin harshen gaba ɗaya. Sabon zubin ya ce tsohuwar kwamfutata ba ta da wani abu da yake zama a kai. Kamar ka gayyaci mutum ɗaya biki ya ce ba ya zuwa sai da uwarsa, uwar ta ce sai da ƙawarta, ƙawar ta ce a aiko mata da mota. Kwanaki suna tafiya, akwatuna suna jere a kan kanta baki buɗe.

Da hantsi wata Talata sai ga Sale a ƙofar gida a kan babur, ya ɗauro buhun da zai zuba akwatunan. Aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, Inna ta fito suka gaisa, mahaifiyarku ta kawo masa ruwa da fura ta koma bakin ƙofar ɗaki ta zauna. Na yi masa bayani iya iyawata. Ya saurara har ƙarshe, bai katse ni ba, don shi ba mai hayaniya ba ne.

"Habu, iri ya isa dashe, ya fara tsayi a bedi. Ina kake tun damina? Ba a fafe gora ranar tafiya."

"Gaskiya ne, Yaya. Amma gara a fafe ta ranar tafiyar da a kama hanya da gorar da ba a san ko tana riƙe ruwa ba."

"To ji nan. Yanzu rijiyoyi cike suke, ba za su fara shaƙuwa ba sai sanyi ya wuce. Ba ni su yanzu in yi dashe, Bulama ya ga kore a filinsa. In ka gama bincikenka ka zo ka gyara."

"In na zuba gam ba gyara. In ban zuba ba, ba za su yi sati a laka ba."

"Ka tabbata suna da matsala?"

"Ban tabbata ba."

"To ka tabbata ba su da ita?"

"Shi ma ban tabbata ba. Abin da ya sa ba zan bayar ba ke nan."

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Ku fahimce ni, maganarsa ba ta banza ba ce, na san haka tun a lokacin. Abin da ke gabana shi ne, ranar da manomi ya ɗaura akwatin nan zai juya wa injinsa baya ya tafi can ƙarshen gona, don abin da na sayar masa ke nan, juya baya. Kuma ba Sale kaɗai ba ne, maƙwabtansa da dama sun sa ido, sun ce in nasa ya yi su ma suna so. In shaƙuwa ta zo a tsakiyar rani akwatin ya yi barci, injinan za su ƙone a sati ɗaya, tattasai yana fure, ba mai gadi, ba inda za a samo wasu injinan. Wannan ba asarar fili ba ce kaɗai, asarar shekara ce da tsohuwar gonar da komai. Inna ta gyara zama ta sa baki.

"Auta, surukinka ne. Ko abin bai cika ba ka ba shi, Allah zai rufa asiri."

"Inna, in kifi bai gama bushewa a banda ba, Baba yana loda shi a jirgi?"

Ta harare ni, don ba ta son a kawo mata marigayi a cikin gardama. Sannan ta ce:

"Ba ya lodawa. Amma kuma bai taɓa ce wa mutum ya sallami ma'aikatansa ba tun kifin yana kan wuta."

Wannan magana ta shige ni, har yau tana nan. Amma ban canza ba. Sale ya sha furarsa, ya yi godiya, ya naɗe buhunsa wayam ya ɗaure a bayan babur. Na raka shi ƙofa ina cewa ya ba ni 'yan kwanaki. Ya ce kwanakin ba a hannunsa suke ba, ya tayar da babur ya tafi.

Bayan la'asar mahaifiyarku ta yi mini magana, tana tsintar shinkafa a faranti, ba ta ko ɗago kai ba.

"Malam, ni ban san modul ba, ban san uwarsa ba. Abu ɗaya zan tambaye ka. Don ka tsare Yaya kake wannan, ko don a ce kai gwani ne?"

"Don in tsare shi."

"To in haka ne me kake yi a gida? Ka zauna kana jiran direba ya kawo maka faifai? Gobe ka tashi ka tafi Kanon da kanka."

Ku da kuka san ta kun san ba ta maimaita magana. Na so in ɗauki bawul kawai in je mu gwada a kwamfutar Bashir, amma tasa ta ofis ce, ba a fita da ita, kuma sabuwa ce, ba ta ma da ramin da ake soka wayar bawul. Sai na kwance tawa, na naɗe ta a bargo, na shiga motar Kano ta hanyar Haɗeja da ita a cinya. Kwandasta ya ce a ɗora ta a sama tare da buhunan kifi, na ce sai dai a ɗora ni tare da ita. Wata tsohuwa a gefena ta yi ta tambaya ko mara lafiya ne a cikin bargon.

A Kano muka yi rigima ta biyu, wannan karon da Bashir. Intanet ɗin can yana da dama, a 'yan kwanaki muka tattaro dangin modul ɗin kaf, kowanne da zubin da ya dace da ɗan'uwansa. Bashir ya ce shi ke nan, mu cusa su a kwamfutar da hannu, in ta karɓa in kama hanya. Na ce a'a. Cusawa da hannu a manta ita ta kawo mu nan. Na ce ina son abu biyu. Na farko, a yi wa haɗin rumbu a cikin jikinsa, duk modul ɗin da kowane gwaji ke bukata a ajiye shi a ciki, ainihin zubin da muka gwada, haɗin kuma ya riƙa ɗiba daga rumbun kaɗai, kada ya leƙa ko'ina a cikin kwamfuta ya ari abin da ya tarar. In wutar Nguru ta kashe wannan kwamfutar gobe, in ɗauki faifai ɗaya in sa a wata, aiki ya ci gaba. Na biyu, a cire tsallakewar nan gaba ɗaya. In gwaji ya nemi abu ya rasa, haɗin ya tsaya cak, ya nuna ja, ya faɗi sunan abin da ya rasa.

"Yaya Habu, wannan zai ƙara mana kwanaki. Gwaje-gwajen nan fa ba sa shiga cikin akwati, a tebur suke ƙarewa. Manomi bai san da su ba."

"Shi ya sa. Tunda bai san da su ba, ni ne idonsa."

"Kawu Sale fa yana jira."

"Na fi ka sanin yana jira. Cire tsallakewar."

Ya cire yana ƙunƙuni. Muna tayar da haɗin, ja ya fito tun kafin a je ko'ina. Ashe gwajin shaƙuwa ba shi kaɗai ke tsallakewa ba, har da wanda ke duba abin da akwati zai yi in batirinsa ya yi sanyi, shi ma nasa modul ɗin bai taɓa zuwa Nguru ba. Bashir ya kama kai. Daga nan bai sake yi mini gardama ba, ya ɗauki hutu a ofis, muka duƙufa. Kowane modul sai mun bi shi mun ga wa yake jingina da shi, mu kawo wancan ma mu sa a rumbu. Da muka ga kamar ya cika, na sa muka ari wata kwamfuta wayam a wurin abokinsa, wadda ba a taɓa saka mata komai namu ba, muka sa faifan. Ta tsaya ta ce ta rasa abu kaza. Muka koma. Sai da ta daina cewa ta rasa komai, ta zo kan gwajin shaƙuwa ta tsaya da ja tana neman bawul, na naɗe tawa a bargo. Na sani sarai kowane yini da na ƙara a Kano iri yana ƙara tsufa a bedin Sale. Abinci ma ba ya mini daɗi. Amma na riga na ga abin da rabin aiki ke haifarwa, ban yarda in koma gida da wani rabin ba.

Ranar da na dawo ko gida ban biya ba, shago na wuce. Na cika duro, na tayar da inji, na tayar da haɗin. Can sai bawul ya fara, ƙas-ƙas-ƙas, har mai shayin gefe ya leƙo yana tambaya me ya lalace. Tiyo yana ba da ruwa yana ba da iska. Na tsaya ina jiran inji ya mutu. Bai mutu ba. Ya ci gaba da gudu, jikinsa ya fara zafi, sai da na kashe shi da hannuna, allo ya nuna ja. Matsalar 'yar ƙarama ce. Akwatin yana ƙirga lokacin da ruwa ya ɗauke, in ya kai iyaka ya kashe inji, amma duk ɗan tsartuwar ruwan da ta wuce sai ya goge ƙirgar ya koma farko. Rijiya mai saurin shaƙuwa za ta yi ta ruɗinsa har inji ya ƙone. Bashir ya karanto mini gyaran ta waya, layuka kaɗan ne, na rubuta. Kore ya fito, wannan karon na gaskiya. Ban yi murna ba, wallahi. Na zauna a kan benci ina tunanin injinan mutane. Sannan na bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya ta gwajin, na zuba gam, na jira ya bushe, don shi ma ba ya jin roƙo.

Kafin ya gama bushewa labari ya iso ta bakin ƙanwar mahaifiyarku. Sale ya nemi tsofaffin masu gadinsa, duk sun kama aiki. Ya roƙi Bulama ya ƙara masa lokaci, Bulama ya ƙara sau ɗaya, na biyu ya ce masu jira sun dame shi, kuma ba shi ya kafa al'adar ba. An ba wani filin. Irin da ya yi yawa Sale ya raba wa maƙwabta wanda zai dasu, sauran ya tsufa a bedi aka tuge. Mahaifiyarku ta shiga ɗaki ta yi kukanta, ta fito ta ɗora tukunya. Ba ta taɓa ce mini laifina ne ba, ba ta kuma taɓa ce mini ba laifina ba ne.

Na loda akwatunan a buhu na tafi Gashuwa. Na sami Sale a tsohuwar gona, yana tsugune gefen inji yana kallon bakin tiyo da kansa. Ya amsa sallamata, ya tambayi Inna da Yagana da ku, bai rage komai a gaisuwa ba. Na fara ba shi labarin abin da gwajin ya nuna, ya ɗaga hannu, ya ce in zo mu taka. Muka bi gefen kogi har filin. An riga an ja kunyoyi, albasar wani ta fito kore shar, wani inji yana ta bugawa. Ƙasar kuwa yadda ya sha faɗa mini take, baƙa, mai laushi. Muka tsaya a bakin iyaka, ba mu shiga ba.

"Habu, in da za a mayar da mu ranar nan a tsakar gidanku, ga ni ga buhuna, za ka ba ni?"

Na so in yi masa ƙarya, ko don zumunci. Na kasa.

"Ba zan bayar ba, Yaya."

Ya gyaɗa kai a hankali.

"Na sani. Shi ya sa zan ɗaura su in juya baya hankalina kwance. Mu je ka nuna wa yara yadda ake ɗaurawa."

Muka koma, na ɗaura na farko, na nuna musu, suka ɗaura sauran. Akwatunan nan sun yi masa shekaru, ko inji ɗaya bai ƙone masa ba, maƙwabtansa ma daga baya duk suka saya. Fili irin wancan kuwa bai sake samu ba har ya koma ga Allah. Da muka gama ranar, rana ta yi sanyi, na wanke hannu a bakin tiyo. Tun da na auri ƙanwarsa ban taɓa zuwa Gashuwa na koma a yinin ba, sai ya ɓoye mini takalmi in ta kama, a yanka kaza, mu yi ta hira. Ranar nan ya raka ni har bakin titi, ya tsayar mini da mota da kansa, ya ce in gaida gida, in yi sauri kada magariba ta same ni a hanya. Na ci gaba da zuwa duk shekara, yana karɓata da mutunci, yana ba ni tattasai a buhu in kawo wa mahaifiyarku. Har ya rasu bai sake ce mini in kwana ba.